Daga Kwata Zuwa Gwangwani: Yadda Masana'anta Ke Sarrafa Abincin Kare Mai Romo

Laccar da aka gabatar a Tudun Wada, Gusau

 

Shugaban wannan zama, Allah ya ƙara girma. Iyayenmu malamai, Allah ya gafarta muku. Ranka ya daɗe Sarkin Fawa, da sauran rundawa da suka baro sana'a suka zo. Likitocin dabbobi, ɗalibai, 'yan'uwa maza da mata da suka taso daga Tsafe da Bungudu da nan cikin Gusau, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na san akwai wanda ya ji taken laccar nan ya ce a ransa: mutane na neman abin kaiwa bakin salati, wannan kuma ya zo mana da zancen abincin kare. Maganarsa tana kan hanya, don haka zan fara da ita. Injinan da ake cika gwangwanin abincin kare da su, irinsu ne ake cika gwangwanin kifi da na nama da na wake. Tukunyar dahuwa iri ɗaya ce, ƙa'idar ma ɗaya ce. Mu kuwa kullum shanunmu da awakinmu na fita a tirela da ransu, su bi ta Tsafe su nufi Funtuwa, su gangara Kudu, a yanka su a can. Fata da ƙashi da kayan ciki da aikin yin da ke tattare da su duk sun bi mota. Garin da ya taɓa riƙe masaƙa da gidan gurzar auduga da kamfanin man gyaɗa bai kamata wata sana'a ta injin ta zame masa baƙuwa ba. Wannan kuma ba sabon abu ba ne a Arewa, domin tun a shekarun 1950 ana cika nama a gwangwani a Kano.

Ta fuskar addini, malamai na nan, su ne masu magana. Abin da kowa ya sani shi ne shari'a ta yarda a kiwata kare don farauta da tsaron dabbobi da gona. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi zancen abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Kuma tun muna makarantar allo muke jin labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishi. Wanda ya ɗaure dabba, ciyar da ita ya hau kansa. A nan ne nauyin sana'ar yake: mai cin abincin ba zai iya kai ƙara ba, mai saye kuma ba ya ganin abin da ke cikin gwangwani sai ya buɗe. Ciniki ne na amana tun daga farkonsa har ƙarshensa.

Asalin dabarar daga Faransa ne. A 1810 wani mai suna Nicolas Appert ya wallafa yadda yake zuba abinci a kwalba, ya toshe, ya dafa a tafasasshen ruwa, abincin ya daɗe bai lalace ba. Gwamnati ta ba shi faran 12,000. Shi kansa bai san dalilin da ya sa hakan ke aiki ba, sai da aka yi shekaru kusan 50 kafin binciken Louis Pasteur ya bayyana rawar ƙwayoyin cuta. A shekarar ta 1810 Peter Durand ya yi rajistar gwangwanin ƙarfe a Ingila. A 1874 A. K. Shriver na birnin Baltimo a Amurka ya fito da rufaffiyar tukunya mai aiki da tururi. Abincin kare na sayarwa kuwa ya fara ne da biskit ɗin James Spratt a Landan wajen 1860, na gwangwani kuma ya shiga kasuwar Amurka a 1922 da sunan Ken-L Ration. Naman doki aka yi shi da shi, saboda mota ta zo, dawakai sun yi yawa sun rasa aiki. Ku lura da wannan: sana'ar ta tsiro ne daga neman inda za a kai naman da ya rasa kasuwa.

To mu wane nama ne ya rasa kasuwa a wurinmu? A nan nake so rundawa su saurare ni da kyau, domin a nan ne mai lissafin takarda ke faɗuwa. A Turai masana'antar na samun huhu da saifa da tumbi da hantsa a araha, don mutanen can ba su damu da su ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2009 ta kasa ragowar dabba kashi uku, kuma na uku ne ake sarrafa abincin kare da kyanwa da shi, wato galibi sassan dabbar da likita ya duba ya ce lafiyarta lau, sai dai ba a kai sassan kasuwar mutane ba. Bahaushe kuwa ba ya barin komai. Kayan ciki na tafiya farfesu, huhu da hanta na wurin mai balangu, kai da ƙafa na da masu jiransu, fata ma ta zama ganda. Duk wanda ya ce muku za a samu kayan aiki kyauta a kwata bai taɓa tsayawa wurin rabon nama ba. Abin da ke saura shi ne tarkacen gyaran nama, maƙogwaro, guringuntsi, hantsa, wani ɓangare na saifa da kitse, sai kuma kawuna da wuya da ƙasusuwan kaji daga masu fige. Akwai lokacin da kaya ke yin yawa, kamar kwanakin Babbar Sallah, akwai kuma lokacin da suke ƙaranci. Jini da mushe, shawarata a bar su waje gaba ɗaya. Ma'aikatanmu Musulmi ne, kuma wanda ya saba hannunsa da tsabtataccen kaya ne gobe za a iya ba shi amanar abincin mutane.

Akwai wani abu da ake gani a kwata da sassafe wanda ya kamata ya tayar mana da hankali. Mai duba nama ya ɗaga huhun tunkiya ko hantar raƙumi, ya ga wani ƙulli fari cike da ruwa, ya sa wuƙa ya yanke wurin, yaro ya ɗauka ya cilla bayan katanga. Kafin ya faɗi ƙasa karnukan da ke jira sun cafke. Wannan ƙullin gidan 'ya'yan wata tsutsa ce. A hanjin kare take girma, tsawonta bai kai santimita ɗaya ba, ƙwanta na fita a kashinsa, ya hau ciyawa da ruwa da hannun yara. Tunkiya ta ci, ƙullin ya sake fitowa. Mutum ya haɗiya, ƙullin ya yi ta girma a hantarsa shekara da shekaru, wani lokaci sai an yi masa tiyata. Irin wannan nama ba ya shiga gwangwani, ƙona shi ake yi ko a binne da zurfi. Na kawo maganar ne don masana'anta tana tilasta a tsaya a ware: wannan na mutane, wannan na sarrafawa, wannan na wuta. Ko ba a cika gwangwani ɗaya ba, wannan rabon kaɗai riba ce ga lafiyar gari.

Yanzu mu shiga cikin masana'antar. Ƙofar farko ɗakin sanyi ne. A zafin Gusau kayan ciki ba sa jiran kowa, cikin 'yan awanni sun fara juyawa. Wanda za a yi aiki da shi nan kusa ana riƙe shi ƙasa da digiri 4, na ajiya kuma a daskarar da shi a digiri 18 ƙasa da sifiri, a dunƙule shi kamar bulo. Daga nan wani inji mai manyan wuƙaƙe ya farfasa daskararren naman, ya bi ta kan bel ya ratsa na'urar gano ƙarfe. Kada a raina wannan na'ura. Duk mahaucin da ke nan ya san abin da ake samu a tumbin saniyar da ta yi kiwo a bola: ƙusa, waya, allura, da tulin leda. Ƙusa ɗaya ta isa ta lalata wuƙar injin niƙa. Leda kuwa na'urar ba ta ganinta, sai ido da hannun ma'aikaci. Sai injin niƙa ya tura naman ta cikin faranti mai huji, a fara da manyan huji a ƙare da ƙanana. Niƙaƙƙen naman ya faɗa babban kaskon cakuɗawa, inda ake zuba ruwa da garin hatsi, masara ko shinkafa ko waken suya irin waɗanda ake nomawa a ƙasar Tsafe da Bungudu, da garin bitamin da ma'adinai, da ɗan abin da ke sa romo ya yi kauri ya kama jikinsa. Komai da sikeli ake zuba shi. Duk inda abinci zai taɓa kuma, ƙarfen da ba ya tsatsa ne, wanda za a iya kwancewa a wanke kullum.

A nan hanya ta rabu biyu. Akwai na dunƙule, wanda ake ƙara markaɗawa ya yi laushi, a zuba kai tsaye, ya dahu ya kame a cikin gwangwani. Akwai kuma na gutsattsari cikin romo, wanda masu saye suka fi so don yana kama da yankan nama. Gaskiyarsa markaɗaɗɗen nama ne aka matso shi dogo-dogo a kan bel, ya ratsa wani dogon akwatin tururi mai zafin digiri 90 da 'yan kai har ya kame, a huce shi, wuƙa mai juyawa ta yayyanka, a auna a gwangwani, a bi shi da romo. Na biyun ya fi cin inji da tururi da wuri. Mai farawa ya fara da na dunƙule.

Injin cikawa ba ya cika gwangwani fal. Ana barin ɗan sarari a sama, kuma daidai lokacin da murfi zai sauka a busa tururi ya kori iskar da ke wurin. In gwangwanin ya huce, tururin ya koma ruwa, murfin ya lotsa ciki kaɗan. Shi ya sa lafiyayyen gwangwani ba ya kumbura, wanda kuka ga murfinsa ya taso kuma, ko na tumatir ne ko na kifi, kada ku ɗanɗana.

Inji biyu ne ran wannan masana'anta, kuma a kansu zan daɗe. Na farko shi ne injin rufe baki. Ba walda yake yi ba, ba kuma gam yake shafawa ba. Bakin gwangwani yana da ɗan leɓe da ya buɗe waje, murfin ma yana da nasa mai lanƙwasa, da ɗan siririn roba a cikinsa. Injin ya danne murfin, wata ƙaramar taya ta farko ta zagaya ta kalmashe leɓen murfi a ƙarƙashin na gwangwani su sarƙe da juna, taya ta biyu ta biyo baya ta daddanne su. In ka yanka wurin ka duba, za ka ga ƙarfe ninki biyar. Duk faɗinsa bai wuce milimita uku ba, amma shi ne katangar da ke tsakanin abincin da duniya har shekara biyu ko fiye. A ƙa'idar Amurka ana so a duba wannan kalmasa da ido aƙalla duk rabin awa, a kuma farke ta a auna aƙalla duk awa huɗu. Ku kalli yadda mai aikin ke yi. Zai zare gwangwani daga layi, ya bi bakin da ɗan yatsa yana neman kaifi ko tudu, ya sa ma'auni ya ɗauki kauri da tsawo a wurare uku, sannan ya yanke tsakiyar murfin, ya sa filaya ya yage sauran a hankali har ƙugiyar murfin ta fito ita kaɗai. Ya ɗaga ta wajen haske yana neman tamoji. In ya ga tamoji ya yi yawa, taya ta biyu ba ta danna sosai ba, sai a tsayar da layi, a ware duk abin da aka rufe tun dubawar baya. Wannan mutum, wanda ba kowa ke lura da shi ba, ya fi manaja muhimmanci. Dole kuma ya zama yana da ikon tsayar da aiki ba tare da tsoron mai gida ba.

Na biyu shi ne tukunyar matsi, wadda masu sana'ar ke kira ritot. Dalilin samuwarta wata ƙwayar cuta ce da ke zaune a ƙasa da cikin hanjin dabbobi, mai haddasa cutar botulizim. Gubarta na cikin mafi ƙarfi da aka sani, tana shanye jijiyoyi har numfashi ya tsaya. Ƙwayar ba ta son iska, ba ta son tsami. Gwangwanin nama kuwa ba iska ba tsami, ga danshi, wato an gina mata gida ke nan. Tumatir na da tsami, don haka tafasa ta ishe shi. Duk abincin da ma'aunin tsaminsa ya haura 4.6, kamar nama da kifi da wake, tafasa ba ta isarsa. Ƙwayar tana shiga wani ƙoƙo mai tauri da ke jure awanni a tafasasshen ruwa. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya kuma ba ya wuce digiri 100 ko da za a ƙone itacen dajin nan duka, a nan Gusau ma yana tafasa ƙasa da haka kaɗan saboda muna kan tudu. Sai an rufe tukunya ruf, an cusa tururi har matsinsa ya ninka na iskar waje sau biyu, sannan zafi ke kaiwa digiri 121. A wannan zafi, minti uku na rage ƙwayar daga tiriliyan ɗaya zuwa ɗaya. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi a duniya.

Amma minti ukun nan ba daga lokacin da tukunya ta yi zafi ake ƙirga su ba. Iyayenmu mata da ke dafa alale a gwangwani sun san gefe kan dahu tsakiya na nan ɗanye. Haka abin yake. Ana ƙirgawa ne daga lokacin da tsakiyar gwangwanin da ya fi kowanne nisa da tururi ta kai zafin. Shi ya sa gwangwani mai giram 400 na dunƙule kan yi awa ɗaya ko fiye a ciki. Ba a kintatar lokacin. Ƙwararre ne zai huda gwangwani ya dasa waya mai auna zafi a tsakiyarsa, ya dafa, ya fitar da jadawali. Ranar da aka ƙara gari a haɗin, ko aka sauya girman gwangwani, wannan jadawali ya tashi aiki, sai an sake gwaji. Kafin a fara ƙirga lokaci kuma dole a buɗe bututun shaƙa tururi ya kori duk iskar da ke cikin tukunya, domin inda iska ta maƙale zafi ba ya isa, ko da agogon matsi na nuna komai daidai. Kowace tukunya na da ma'aunin zafi da ake karantawa da ido, da wata na'ura da ke zana zafin a takarda tun daga farko har ƙarshe, a sa hannu a ajiye. Kowane kwando kuma ana manna masa wata takarda mai sauya launi in ta sha zafi, saboda ɗanyen gwangwani da dafaffe kamarsu ɗaya.

Kada ku ɗauka manyan ƙasashe sun wuce wannan kuskure. A 2007 mutum 8 suka kamu da botulizim a Amurka daga miyar gwangwani ta kamfanin Castleberry's da ke jihar Jojiya, saboda matsala a tukwanen dahuwarsa. Cikin miliyoyin gwangwanayen da aka janye daga kasuwa har da abincin kare da ake cikawa a masana'antar. Kare ya fi mutum jure wannan guba, amma hannun da ke buɗe gwangwanin na mutum ne, kicin ɗin ma na mutane ne.

Akwai wani abu da ya shafe mu fiye da Turawa. Dahuwar da ta kashe ƙwayar botulizim ba ta kashe komai da komai. Akan samu ragowar wasu ƙwayoyi masu son zafi, waɗanda ba sa motsi sai wuri ya haura digiri 40. A sito na ƙasar sanyi barci za su yi ta yi har abincin ya ƙare. A shagon kwano a Kasuwar Tudun Wada cikin watan Afrilu, ko a bayan tirela da ta kwana biyu a rana, farkawa za su yi su tsamar da abincin. Saboda haka jadawalin dahuwa da ya zo tare da inji daga ƙasar sanyi ba namu ba ne. Namu sai ya fi nasu tsawo. Kuma daga kowace dahuwa a ɗebi samfur a ajiye a akwatin ɗumi, wasu a digiri 37, wasu a 55, na mako ɗaya zuwa biyu, a ga ko za su kumbura ko su yi tsami, kafin a saki kaya.

Bayan dahuwa sai sanyayawa, a nan ma akwai tarko. Gwangwani mai zafi robar bakinsa na da laushi, yana hucewa kuma yana zuƙo abin da ke waje. Ɗigo ɗaya na ruwa mai datti ya isa. A 1964 zazzaɓin taifot ya kwantar da fiye da mutum 400 a birnin Abadin na Sikotilan. Da aka bi sawu, sai aka tarar gwangwanin nama ne daga Rosario ta ƙasar Ajantina, wanda aka sanyaya da ruwan kogi da ba a sa masa magani ba. Duk mai tunanin jan ruwa daga gulbi ko daga tanka ya zuba a tukunya ya tuna da wannan. Ruwan sanyayawa sai mai kyawun da za a iya sha, da sinadarin kulorin a ciki, ana aunawa kowace dahuwa. A sauke zafin da sauri zuwa wajen digiri 40, don sauran ɗumin ya busar da gwangwanin kada ya yi tsatsa, kuma kada hannu ya taɓa shi yana jiƙe. Bayan nan sai buga lambar dahuwa da ranar ƙarewa, a manna takarda, a sa a kwali. Masu amfani da jakar leda mai alminiyom maimakon gwangwani suna samun sauƙin nauyi da gajeren lokacin dahuwa, sai dai tukunyarsu ta fi tsada, don sai an riƙa danna jakar da iska daga waje kada ta fashe.

Wuta na kashe mai rai, amma ba kowace guba take kashewa ba. Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Dabbar da ta yi kiwo ta sha ruwa a irin wannan wuri tana tara dalma a hanta da ƙoda da ƙashi, wato sassan da irin wannan masana'anta kan yi amfani da su. Masara da gyaɗar da suka yi fumfuna na ɗauke da gubar afulatoksin, wadda ke cin hantar kare da sauri, kuma tana fita daga tukunya yadda ta shiga. Saniyar da aka yi wa allura jiya aka yanka yau, maganin na nan a namanta. A 2007 an gauraya sinadarin melamin a garin alkama da aka kai daga ƙasar Sin don ya nuna kamar yana da sinadarin gina jiki da yawa, ƙodar karnuka da kyanwoyi ta riƙa lalacewa, kamfanin Menu Foods na Kanada ya janye gwangwani da jaka kimanin miliyan 60. Dahuwarsu ba ta da laifi, abin da suka saya ne ba su bincika ba. Sai cutar antiraks, wadda aka tabbatar da ɓullarta a jihar nan a watan Janairun 2025. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci da dubura, ko feɗe ta ba a yi, balle a kai ta masana'anta. Mai feɗewar ne zai fara kamuwa tun kafin a kunna tukunya.

Game da haɗin kansa, nama zalla ba cikakken abinci ba ne ga kare. Ba shi da isasshen sinadarin ƙashi, don haka ake ƙara niƙaƙƙen ƙashi ko makamancinsa. Zafin tukunya na cinye bitamin B1, sai an zuba fiye da buƙata don a samu saura. Yawa ma illa ne: a 2019 kamfanin Hill's ya janye abincin kare na gwangwani saboda bitamin D ya yi yawa a ciki. Albasa da tafarnuwa, waɗanda hannunmu ya saba jefawa a kowace tukunya, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, don haka ba su da wuri a nan. Ma'aunin da masana'antun Amurka ke bi ya ce abincin babban kare ya ƙunshi aƙalla kashi 18 cikin 100 na sinadarin gina jiki, na kwikwiyo kashi 22.5, amma bayan an cire ruwa a lissafi. Ɗalibai ku riƙe wannan. In takarda ta ce kashi 8 na gina jiki, ruwa kashi 78, busasshen abin da ke ciki kashi 22 ne, 8 cikin 22 kuwa ya haura kashi 36.

Wannan ruwan shi ya kawo mu ga kasuwa. Kashi uku cikin huɗu na abin da ke gwangwanin ruwa ne. Kare mai kilo 20 na buƙatar kusan gwangwani uku masu giram 400 a yini in shi kaɗai zai ci. Mafaraucin Kwatarkwashi da makiyayin da karensa ke bin garke ba za su saya ba, dusa da ƙanzo da sauran tuwo za su ci gaba da bayarwa. Masu saye suna Abuja da Legas da Fatakwal da Kaduna: masu karnukan gida, kamfanonin tsaro, asibitocin dabbobi, da hukumomin da ke aiki da horarrun karnuka irin su 'yan sanda da NDLEA. Busasshen abinci ana yin sa a gida, kamfanin Grand Cereals na Jos na fitar da Binggo. Na gwangwani kuwa, wanda ake gani a manyan kantuna yawancinsa daga waje yake, farashinsa na bin dala. Giɓin ke nan. Amma gwangwanin kansa da murfinsa da garin bitamin sai an sayo su daga nesa, kuma sau da yawa mazubin ya fi abin da ke cikinsa tsada. Ga matsalar hanya da tsaro da muke ciki. Ba mu manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe kasuwannin dabbobi aka katse layukan waya a jihar nan. Masana'antar da ba ta da daskararren kaya a ajiye, irin wannan mataki na tsayar da ita cak. A ɗaya gefen kuma, kayan da ke shekara biyu ba firji sun fi ɗanyen nama da dabba mai rai jure jinkirin hanya.

Ga mai niyyar zuba jari, roƙona kada ya fara da sayen inji. Mun ga isassun gine-gine a ƙasar nan da aka cika da injina a cikin akwati, ciyawa ta rufe ƙofa. Ya fara da rijiyar burtsatse a gwada ruwanta. Sannan tukunyar samar da tururi, wadda za a iya hura ta da ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa in an zaɓi irin da ya dace. Sannan wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar dahuwa ba, domin dahuwar da ta katse sai an ware kayan an sake lissafinta. Sannan mutane: mai rufe baki, mai tukunya, mai ɗakin gwaji, a tura su su zauna a masana'antar da ke aiki su koya da hannunsu. Muna da Jami'ar Tarayya a nan Gusau tun 2013, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, ga tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Yaran da za su riƙe waɗannan wurare suna nan, wasunsu ma a ɗakin nan suke. Bayan duk wannan ne ake zuwa ga injin niƙa da kasko da injin cikawa da na rufewa da tukunya ɗaya, ƙanana, waɗanda makanikin garin nan zai iya kwancewa ya ɗaura. A nemi rajistar NAFDAC tun ana zanen gini, don ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma an kai matsayin cika nama ko wake don mutane, wannan gini ne dabam, da kayan aiki dabam, da rajista dabam. Ilimin ne kawai zai ƙaura.

Roƙona na ƙarshe gare ka ne, ranka ya daɗe Sarkin Fawa, da likitocin da ke duba nama. Babu mai iya sanin girman tukunyar da zai saya sai ya san nauyin kayan da zai samu. A samu sikeli ɗaya da littafi ɗaya a kowace kwata, a Gusau da Tsafe da Bungudu. Kullum a rubuta dabba nawa aka yanka, kilo nawa na tarkacen da bai samu mai saye ba, na wane sashe, da kilo nawa likita ya hana. A yi haka shekara guda cur, da rani da damina da kwanakin Sallah. Ɗalibai za su iya karɓar aikin rubutun bi da bi, rundawa su riƙe littafin.